An cire wa Mamanmu haƙora, ciwon fuskar yana nan: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara a kan Mamanmu, shekarunta sun haura hamsin. Tun bara take fama da wani ciwo a kuncinta na dama, daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi. Ta ce ji take kamar an jona mata wayar lantarki, ya fizge ta na ɗan lokaci ya sake ta, an jima ya dawo. Abin da ke tayar da shi bai taka kara ya karya ba: asuwaki, tauna, ko ruwan alwala ya taɓa wurin. Da hunturu ya shigo, iska kaɗai ta isa. An cire mata haƙori, aka sake cire wani, ciwo yana nan. Maganin ciwon jiki ko gezau. Yanzu ta koma kunu, duk ta rame, wani lokacin da hannu take mana magana don tsoron motsa baki. Dangi wasu na cewa iska ce, wasu sammu. Ina za mu dosa?

Wani likita:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ba a tabbatar da ciwo daga nesa, amma bayaninki ya yi kama sosai da ciwon jijiyar fuska da muke kira tiraijeminal niraljiya. Jijiyar daga ƙwaƙwalwa take fitowa, ta rabu gida uku: goshi da ido, kunci, sai muƙamuƙi. Yawanci wata jijiyar jini ce ke danne ta a tushenta har rufinta ya lalace, sai taɓawa kaɗan ta zama azaba. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura hamsin, kusan kullum gefe ɗaya, kuma fizgar ba ta cika wuce minti biyu ba.

Don Allah kada a sake cire mata haƙori. Ku nemi takardar tura ku wajen likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Zai iya neman hoton cikin kai da ake kira MRI don a tabbatar ba ƙari ba ne ko wata cutar ke danne jijiyar. Maganin farko shi ne kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol. Asalinsa na farfaɗiya ne, kada wannan ya tsorata ku. In magani ya gaza, akwai tiyatar da ake raba jijiyar jinin da ta fuskar.

Wata mai irin ciwon:
'Yar'uwa, sai da na yi hawaye da na karanta. Ni ma haka aka yi ta yawo da ni. Abin da ya fi ciwon ci min rai shi ne ba a ganin komai a fuskata, ba kumburi ba rauni, sai a ɗauka raki ne. Ku yarda da ita tukuna, wannan ma magani ne. Ni da ruwan ɗumi nake alwala, ina tauna ta ɗaya gefen, buroshi mai laushi irin na yara, in zan hau adaidaita na rufe kuncin da mayafi. Fanka ba ta fuskantata. Ku ƙara mata madara da ƙwai da faten dankali, kunu kaɗai ba zai riƙe ta ba. Yakan lafa watanni har ki ce ya tafi, to kada ta ajiye magani da kanta.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Hajiya, kar ku je kemis ku sayi Tegretol don kun gani a nan. Da kaɗan ake farawa ana ƙarawa a hankali, yana sa jiri da barci, kuma ana bin sa da gwajin jini saboda yakan rage gishirin jiki. In ƙuraje suka feso mata, ko bakinta ya yi gyambo da zazzaɓi, ku kai ta asibiti a ranar. Ku tafi da duk magungunan da take sha, har na hawan jini da na gargajiya, likita ya gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayanmu ya ce zai kai ta ranar Litinin in sha Allah. Saura tambaya ɗaya ga Anti mai irin ciwon: yaya kike yi da shan maganin a watan azumi?