Horrorcore da Hausa: gambarar dodo, ta kabari, ko ta firgici?

Jama'a, kalma nake nema. Akwai wani reshe na waƙar rap ta Amurka da suke kira horrorcore, ga kuma ɗan'uwansa na kusa, wanda ba ya shiga gidan rediyo, kiɗansa a daƙushe, muryar mai shi a dishe, zancensa duk na ƙunci. Ina so in yi rubutu a kansu, kuma na gaji da cusa Turanci a tsakiyar magana. Rabin aikin an riga an yi mana, tunda gidajen rediyonmu sun daɗe suna kiran rap da gambarar zamani. Sunan ya zauna daram, domin 'yan gambara na gargajiya ma magana suke jerowa a kan kiɗa, da habaici da ba'a da batsa. Saura kalmar da za mu rataya wa gambarar.

Amma kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Ga abin da ake nema wa sunan.

Ba gari ɗaya ne ya haife shi ba. A Houston ta jihar Texas akwai Geto Boys, waɗanda a 1990 kamfanin Geffen ya ƙi rarraba faifansu saboda munin abin da ke ciki. A 1991 suka fitar da waƙar da ta fi ɗaukaka su, kuma babu dodo ko ɗaya a cikinta. Mutum ne ya kasa barci, yana leƙen taga, yana ganin kamar ana bin sa. A baitin ƙarshe wani ya kama wani ƙato yana jibga, can ya dawo hayyacinsa ya ga babu kowa, siminti yake ta naushi, hannunsa duk jini. Scarface, wanda ya rubuta mafi yawan waƙar, ya faɗa da bakinsa cewa ya kwanta a asibitin masu taɓin hankali tun yana matashi. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

A Detroit kuma Esham ne, wanda ya fitar da faifansa na farko a 1989 bai kai shekara 20 ba. Garin a lokacin masana'antun mota suna rufewa, gidaje sun zama kango, hodar iblis ta ƙanƙara ta cika unguwanni. Suna da wani dare a ƙarshen Oktoba da suke kira daren shaiɗan, wanda ake cinna wa kangaye wuta. A 1984 an samu gobara fiye da 800 cikin kwana uku. Yaron da ya tashi a nan ya ce garinsu jahannama ne, bai yi nisa wajen neman misali ba.

Sai Memphis, inda ni a ganina sautin ya fi nuna. Can a ɗaki ake naɗa, a kan kaset, da injin ganga na Roland 808 da 'yar ƙararrawa mai ƙwal-ƙwal, a yanko kiɗan finafinan ban tsoro a liƙa. Kaset ɗin kwafin kwafi ne, har shuuu ɗin da yake yi ya zama wani ɓangare na waƙar. Daga nan Triple Six Mafia suka fito, sunan da ke nuni ga lambar 666 ta littafin Wahayin Yahaya. Daga baya suka sassauta shi zuwa Three 6 Mafia, har suka ci kyautar Oscar a 2006, amma da wata waƙa daban wadda ba ta wannan layi ba. Ita kalmar horrorcore kuwa a 1994 ta bazu, daga New York, lokacin da Gravediggaz da Flatlinerz suka fitar da faifansu a shekara ɗaya.

To, na riga na tambayi jama'a sunan da ya dace, ga shawarwarin da suka shigo.

Wani ƙanena ya ce a huta, a rubuta horoko kawai, kamar yadda muka yi wa kwamfuta. Ƙanena, kwamfuta ta samu fili babu kowa. Horo kuwa akwai mai gida a Hausa. Duk wanda ya ga gambarar horoko zai zaci ko dai ta ladabtarwa ce, ko kuma ta roƙo. Wannan ta faɗi tun a ƙofa.

Gambarar dodo ta fi kowace samun ƙuri'a, kuma na san dalili: tana da daɗin faɗa, yaro ma ya gane. Akwai ma waɗanda ta dace da su sarai. Insane Clown Posse na Detroit fenti suke shafawa a fuska, suna ba da labarin gatari da gawa cikin raha, mabiyansu kuma su yi irin shigar. A 2011 hukumar FBI ta sa mabiyan nan cikin rahotonta na gungun 'yan daba, abin da ya kai su ga yin maci a Washington a 2017. Su kam a kira su 'yan gambarar dodo ban ce komai ba. Matsalar ita ce Dodon tatsuniya daga waje yake zuwa. A daji yake ko a ruwa, ga shi dolo, kullum sai an yi masa wayo, a ƙarshe a farke cikinsa mutane su fito. Da an ce ƙurunƙus kowa ya je ya kwanta. Wannan waƙa kuwa abin tsoronta maƙwabci ne, ko dillalin ƙwaya, ko ɗan sanda, kuma sau da yawa shi mawaƙin ne da kansa. Dodo zai mayar da ita wasan yara.

Wani dattijo ya rubuto cewa ba sai an wahala ba, sunanta gambarar shaiɗan. Allah ya gafarta Malam, ban ce babu hujja ba. Flatlinerz sun sa sunan shaiɗan ƙiri-ƙiri a kan faifansu. Brotha Lynch Hung na Sacramento ya cika nasa na 1995 da zancen cin naman mutum. A 2009 a garin Farmville na jihar Virginia wani matashi mai yin irin wannan waƙa ya kashe mutum 4. Ni kaina, Malam, mafi yawan abin da ake fitarwa da wannan suna shara nake ɗaukarsa, aikin yaron da ya gano cewa in ya faɗi ƙazamar magana za a waiwayo. Ba talla nake mata ba.

Sai dai abin da Malam ya kawo hukunci ne, ni kuma suna nake nema, wanda mai yabo da mai suka za su iya amfani da shi su gane abu ɗaya suke nufi. Kuma hukuncin ba ya hawa kan kowa. Duba Gravediggaz. Mutum huɗu ne, Prince Paul da RZA da Frukwan da Poetic, dukkansu sun taɓa aiki da kamfanin Tommy Boy kuma sun fito da takaici. Sun kira kansu mahaƙa kabari, amma kabarin da suke nufi na jahilci ne: su a faɗarsu, tono waɗanda hankalinsu ya mutu suke yi don su farka. Wannan magana sun ɗauko ta ne daga wata ƙungiya da ta ɓalle daga Nation of Islam, ƙungiyar addini ta baƙaƙen Amurka, a unguwar Harlem ta New York cikin shekarun 1960. Aƙidar ƙungiyar ba tamu ba ce, nesa ba kusa ba, amma ba bautar shaiɗan ba ce. In muka sa musu wannan suna mun yi musu ƙage, mai karatu kuma ya rasa yadda zai bambanta su da masu zancen cin naman mutum.

Akwai kuma abin da mu bai kamata ya ba mu mamaki ba. A filin dambe in an kai mutum ƙasa cewa ake an kashe shi, ɗan dambe kuma ya shigo yana kirari da kisa da makara, ɗan tauri ma haka. Babu wanda ke rugawa kiran 'yan sanda, don kowa ya san riga ce aka sa don fage. Yawancin waɗannan mawaƙa irin rigar suka sa. Bambancin dai dambe yana da alƙali da mai raba faɗa, belin kunnen yaro ɗan shekara 14 kuwa ba shi da su, kuma a nan ina tare da Malam.

Gambarar kabari ko ta maƙabarta, wadda wata malamar makaranta ta kawo, ta fi duka nauyi a kunne, na kuma so in karɓa. Malama, abin da ya hana ni shi ne a wurinmu kabari na wa'azi ne. Muna da waƙoƙin wa'azi tun ƙarni na 19 da suke siffanta kwanciyar kabari da tambayar Munkar da Nakir da macizai da kunamu, dalla-dalla, da gangan don jiki ya yi sanyi. Wato tsoratarwa da baiti ba baƙuwa ba ce a Hausa. Amma waɗancan tuba suke nema. Bahaushe in ya ji waƙa da kabari a haɗe, can hankalinsa zai tafi, ya zo yana tsammanin tunatarwa ya tarar da zarto da jini.

Da haka muka gangaro kan mafi sauƙi, gambarar ban tsoro, tunda muna cewa fim ɗin ban tsoro. Na kusa sa hannu, sai wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta tsayar da ni. Ta ce a bakinsu ana cewa ban so a maimakon ba na so, don haka ban tsoro a rubuce tana iya karanta shi da ma'anar ba na tsoro. A baki karin sauti zai raba, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Yaya, kin gama magana, na gode. Gambarar ba-na-tsoro ai kishiyar abin da muke nufi ce, ta 'yan cika baki ke nan.

Ni kuma ina da wani ƙorafin a kanta. Ban tsoro yana kallon mai sauraro ne kaɗai: ga abu, an miƙo maka don ka ji tsoro. Ya isa ga fim. Amma ku koma kan mutumin can na Houston mai leƙen taga. Shi ne a tsorace, kafin kowa. Wanda ya fi iya wannan waƙa ba razana ka yake so ya yi ba, shigar da kai yake cikin kansa ka ji yadda zaman yake.

Shi ya sa na tsaya a kan firgici. Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan unguwa kuma kowace da aikinta. Tsoro ya san abin da yake tsoro: kare, ruwa, duka. Fargaba ta abin da bai zo ba ce, irin ta jiran sakamako. Razana farat ɗaya ce, ƙofa ta buga ka zabura, shi ke nan ta wuce. Firgici kuwa yana zama a jiki. Shi ne na wanda ya farka tsakar dare a jiƙe da gumi, shi ne na yaran da aka kai wa garinsu hari, bayan wata shida ƙarar babur ta sa su shige ƙarƙashin gado. Kuma in aka ce wane a firgice yake, ana iya nufin hankalinsa ba ya tare da shi. Kalmar tana cin gaba tana cin baya: mawaƙin firgitacce ne, waƙar kuma tana firgitarwa. Gambarar firgici. Tana ɗaukar masu fenti, tana ɗaukar mahaƙa kabari, tana ɗaukar na Memphis, kuma ba ta yanke wa kowa hukunci ba.

Saura ɗan'uwan nata. Masu cewa gambarar ƙarƙashin ƙasa, kalmar underground ta Turanci kuka juyo. A Hausa in aka ce ana abu ta ƙarƙashin ƙasa makirci ake ƙullawa, su kuwa waɗannan ba ɓuya suke ba, a but ɗin mota suke tallar kaset da rana tsaka. Bayan fage ma kasuwar canji ta riga ta cinye shi. Wani ɗan Kano ya ce lungu, kuma ban ga abin da ya fi shi ba. Mota ba ta shiga lungu, mai talla da lasifika ba ya zuwa, amma labari yana zagaye shi kafin ya fito titi. Gambarar lungu: wadda babban kamfani bai ɗauka ba, rediyo bai sa ba, amma 'yan unguwa sun haddace.

Duhun da ake siffanta ta da shi kuma kada a ce gambarar duhu, don duhun kai ne zai fara zuwa zuciya. Baƙar gambara ma a bar ta, baƙar magana tana kusa, ga kuma zancen launin fata tunda masu yin baƙaƙe ne. Ƙunci ne kalmar. Abin da Mobb Deep suka yi a 1995 daga rukunin gidajen Queensbridge gambarar ƙunci ce: piyano mai sanyi, zancen talauci da mutuwar abokai, babu gatari babu fatalwa. Ba firgici ba ce, kuma da ma Turawan ba su sa ta a horrorcore ba. Raba su yana da amfani, domin akwai mawaƙan da aka liƙa wa sunan suka ƙi shi, irin su Tyler, the Creator.

Na gwada su a jimla, don a nan kalma take kasawa in za ta kasa: "Three 6 Mafia sun fara ne da gambarar firgici a lungunan Memphis kafin su fito titi." Bakina bai yi tuntuɓe ba. Wanda ya ce ta yi tsawo, matasa za su datse ta da kansu, za ka ji ana cewa wane firgici yake yi.

'Yan'uwa na Damagaram da Agadas da zangon Kumasi, a wurinku firgici kuke cewa ko firgita? In firgita ta fi gudana a can, ku faɗa kafin in miƙa rubutun ranar Litinin.