"Jahilai fa kika ce": muhawarar daren Laraba a zauren ma'aikatan lafiya

Maman Walida: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke raina ko na samu barci. Jiya da daddare aka kawo mana wata yarinya, haihuwar fari, jaririn bai wuce wata biyu ba, ta yi yunƙurin halaka kanta. Allah Ya sa da sauran shan ruwa. Muna ta fama a kanta, abokin aikina na tsaye yana cewa "'yar wuta kawai, bari a kira miki 'yan sanda," uwar miji na gefe tana taya shi. Aka ƙara mata ruwa, da safe aka sallame ta. Ba wanda ya tambaye ta me ke damunta, ba takardar turawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko lambar wani nata ba a karɓa ba. Mu gaya wa kanmu gaskiya, a wannan fannin jahilai ne mu. Dole a horar da kowa, tun daga nas har atanda har maigadi.

Ɗan Kurna: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Amma Hajiya, jahilai fa kika ce.

Sista ta Gwale: Ƙanwata, ki tsaya a kan kanki. Ni shekara uku na yi a makarantar nas, an tura mu fostin ɗakin masu taɓin hankali, na rubuta jarrabawa a kai na ci. In jahilai kike nema, ki duba cikin waɗanda aka ɗauko da takardar ɗan majalisa aka sa musu farin kaya.

Ɗan Kurna: To, an zo wurin. Da mu ma'aikatan sha-ka-tafi kike ke nan?

Sista ta Gwale: Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ɗan Kurna: Mu ma shekara ukun muka yi a makarantar koyon aikin lafiya. Ki leƙa Rimin Kebe ko Ɗorayi ƙarfe biyun dare ki ga wa ke riƙe da asibiti da fitilar waya. Ku kuna manyan asibitoci ƙarƙashin fanka, sai raini.

Maman Walida: Don Allah ku sake karantawa. "Mu" na ce, har da ni a ciki.

Baban Sadik: Ni kalmar ce ma ban ga ta dace da Musulmi ba. Jahili shi ne wanda bai san Ubangijinsa ba. Kuma abokin aikin naki bai yi ƙarya ba, Allah Ya ce kada ku kashe kanku, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 29. Raunin imani ne da yawan kallon waya. Wa'azi yaran nan ke buƙata, ba bita ba.

Anti Ungozoma: Malam, ka ƙarasa ayar mana, ai cewa ta yi lalle Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Annabi Yaƙubu (AS) baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, shi ma raunin imanin ne? Tun kafin a haifi wasunku nake karɓar haihuwa. Na ga mata masu tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, sun haihu sun daina ci, sun daina barci, jariri na tsala kuka suna kallonsa kawai. A gida a ce iska ce, a yi ta hayaƙi. Ciwo ne, kuma yana da magani. A yi addu'ar, a kuma kai ta asibiti.

Baban Sadik: Anti, da girmanki, kada ki haɗa Annabin Allah da yaran TikTok. Da can irin waɗannan wurin malam ake kai su, su dawo garau.

Anti Ungozoma: Gidan mari kake nufi? Ka manta abin da aka fito da shi a Rigasa a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa?

Baban Sadik: Ban ce gidan mari ba. Kada a sa min magana a baki.

Likitan Dare: Ku ɗan saurara min. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200, don haka in su za a jira ba ranar zuwansu. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, don a koya wa wanda ba ƙwararre ba abin da zai yi a inda yake. Kuma abin ba wuya gare shi ba. Ka sallami 'yan rakiya tukuna, ka zauna da mutum, ka tambaye shi ba kwana-kwana: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, yawanci ma sauƙi yake ji an buɗe masa ƙofar magana. In ya ce e, ka ji ko ya riga ya shirya wani abu. Daga nan ba a barinsa shi kaɗai. A nemo wani nasa da shi da kansa ya yarda da shi, ba wanda ya fi kowa baki a gidan ba. A kwashe magunguna da duk abu mai haɗari daga ɗaki, a rubuta takardar turawa, sannan a bi shi da waya ko ziyara, domin wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa haɗarin sakewa, musamman makonnin farko bayan sallama. Mai raunata jikinsa ma kada a ce neman a kula shi yake a yi banza da shi. Maman Walida, in akwai adireshi a katin yarinyar, gobe a samu mace ta je.

Ɗan Kurna: Sista, har yanzu fa ba ki janye maganar takardar ɗan majalisa ba.

Sista ta Gwale: In ita ta janye jahilai, sai in duba. Ban da haka ma, ina sirrin mara lafiya da aka koya mana? Ta zo ta baje labarin yarinya a zaure mai mutum fiye da ɗari.

Maman Walida: Anti, na faɗi sunanta ne, ko unguwarsu, ko asibitin?

Oga Mai Kati: Ni tambayata ɗaya. In an kawo bitar, wa za a tura? Ai mun san yadda ake yi. Suna daga ofis yake fitowa, kuma mutanen nan dai su ne na maleriya, su ne na rigakafi, su ne na tazarar haihuwa. A kwana a otal, a sha shayi, a karɓi kuɗin zama, a dawo da jaka da satifiket. Wanda ke kwana da marasa lafiya ko labari ba zai ji ba.

Sista ta Gwale: Hassada dai. Kuma atanda me zai yi da bita? Shara da tura keke ne aikinsa.

Baba Atanda: Ranki ya daɗe, ɗana ke rubuta min. In kun shige ɗakin hutu ƙarfe ɗayan dare, wa mara lafiya ke kira? Ni suke gaya wa abin da ba sa gaya muku, ni kuma ban san abin da zan ce ba sai "yi haƙuri." A ce min jahili bai dame ni ba, koyarwar ce ban ga ana yi ba.

Ɗan Kurna: Baba, kai ma ka yarda a zage ka? Shi ya sa ake taka mu.

Ɗan Fagge: Maganar 'yan sandan nan fa ba barazanar banza ba ce. Sashe na 231 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Shi ya sa iyalai ke ɓoyewa su ce tsautsayi ne. Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta goge wancan sashen ba. Pakistan ta cire nata a 2022, Malesiya a 2023, kuma duk ƙasashen Musulmi ne.

Oga Mai Kati: Dama na san sai ka lalubo hanyar yabon mutuminka.

Ɗan Fagge: Yabo ka gani a nan? Ku masu jar hula komai siyasa.

Oga Mai Kati: Hular ta fi ƙarfinka.

Likitan Dare: Akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kuwa?

Matiron (Admin): Ya isa haka, sha biyu ta wuce. Ga abin da zaure ya tsaya a kai. Na ɗaya, kowa ya amince kalmar jahilai ba ta dace ba, muna jiran Maman Walida ta janye. Na biyu, an tabbatar nas-nas sun riga sun karanci fannin tun a makaranta, giɓin yana wurin ƙananan ma'aikata, don haka in bita ta zo nas za a tura, su dawo su koya wa na ƙasa. Na uku, Dakta ya yi dogon bayani, Allah Ya saka, mai lokaci ya koma sama ya duba. Maganar kuɗin zama ba ta da tushe, ni na sha zuwa bita kuma abin da ake bayarwa ko kuɗin mota ba ya isa. Ɗan Kurna ya nemi afuwar Sista. Na rufe zaure sai bayan Asuba, waɗanda ba su zuba adashen wannan watan ba kuma su same ni ta gefe.