Marzipan: alewa ce ko dakuwa?

Jama'a, masu girke-girke da masu fassara, ku zo mu daidaita kan kalma ɗaya. Duk wanda ya so rubuta yadda Jamusawa ke gashin Kirsimeti da Hausa, sai ya ci karo da "marzipan". Ni dai na tsaya kan "dakuwar almon", ga kuma dalilina.

Mu fara da abin kansa. Ana zuba almon, wata ƙwayar itace mai maiƙo kamar gyaɗa, a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, a tsame, a murza da yatsu, ɓawon ya sulɓe ya bar ƙwaya fara tas. A shanya ta bushe sarai. Sai a niƙa da sukari mai laushi kamar gari, a ɗiga ruwan wardi kaɗan, a murza da hannu har ya haɗe ya zama dunƙule. A gida, giram 200 na almon da giram 100 na sukari sun isa. Idan injin niƙa ne, kaɗan-kaɗan ake yi ana tsayawa, don in ya ɗau zafi mai zai tsattsafo, abin ya yi maiƙo ya ƙi kama siffa.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "alewar almon". Na gane dalili: abu ne mai zaƙi, kuma muna da alewar madara. Amma a kunnen Bahaushe, alewa sukari ce da aka dafa, shi ne mai gida, sauran kaya baƙi ne. Wadda ta ji "alewa" za ta ɗora tukunya ta ambaza sukari, alhali a nan almon ne mai gida. A ƙa'idar Jamus, asalin kwaɓin da ake gashi da shi bai kamata sukarinsa ya wuce kashi 35 cikin 100 ba. Birnin Lubek da ke arewacin ƙasar, inda kamfanin Niederegger yake tun 1806, ya yi suna ne saboda rage sukari. Sunan "marzipan na Lubek" ma yana da kariyar Tarayyar Turai, ba kowa ke da izinin liƙa shi a kwalinsa ba. Sunan da zai sa mai girki ta cika sukari ya ɓata mata aiki tun kafin ta fara.

Wata 'yar uwa ta kawo "tuwon almon", tana kwatance da tuwon madara. Ya matso kusa, don shi ma ana murzawa a yanka siffofi. Sai dai babu ƙwayar da ake dakawa a cikin tuwon madara. "Tunkuza" kuwa ba ta shiga ba sam, tunda an matse mata mai, shi kuwa marzipan mansa ne ke riƙe shi.

Dakuwa fa? Ƙwaya mai maiƙo ce, aya ko gyaɗa, a daka da sukari har ta kama kanta, a mulmula da hannu. Sunan ma daga daka ya fito. Ka ce wa kowace uwar gida a Kano ko Maraɗi "dakuwar almon", kafin ka rufe baki ta san turmi za ta nema, ta san laushin da ake so, ta kuma san ba a tsuga ruwa. Akwai ma nau'in da Jamusawa ke mulmulawa ƙanana su birgima a garin koko, su kira shi dankalin marzipan. Wanda ya gan su a faranti zai rantse dakuwa ce. A Meziko kuma da gyaɗa suke nasu, su kira shi mazapán.

Akwai masu ja, kuma suna da hujja: dakuwarmu ana soya ƙwayar tukuna, wasu na sa yaji, kuma ba a cusa ta cikin burodi a gasa. Gaskiya ne. Jamusawa na mulmula tasu doguwa su sa a tsakiyar Stollen, burodin Kirsimeti mai zabibi da man shanu, ko su yi Bethmännchen na Frankfurt, ɗan dunƙule mai ɓarin almon uku a gefe. Amma aikin kalmar "almon" ke nan a sunan, ita ke sanar da kai cewa wata dakuwa ce daban, kamar yadda muke bambanta ta aya da ta gyaɗa.

Sunan yana kuma karɓar ƙari ba tare da wahala ba. Asalin kwaɓin mai ƙarancin sukari sai mu ce "dakuwar almon ta gashi". Persipan, wanda ake yi da ƙwayar cikin ƙwallon afirkot, wani ɗan itace, don arha, ya zama "dakuwar ƙwallon afirkot".

Masu cewa a bar shi "marzifan" kawai, ban hana ba, a rubuta shi sau ɗaya a farkon girki don mai neman sa a kanti. Daga nan har ƙarshen shafi, dakuwar almon zan riƙa rubutawa. 'Yan uwa na Nijar da Gana, idan akwai sunan da kuka riga kuka saba da shi a kasuwanninku, ku kawo mu gwada shi da wannan.