Tunda gwamnati ta cire hannu daga farashin fetur, mene ne aikin hukumar NMDPRA?

Ɗan Gusau:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kowane gidan mai ke sayarwa a farashin da ya ga dama, kuma mu da ke nesa da bakin teku mu ne muke ji a jikinmu. A makon jiya na kai jarka mai cin lita ashirin wani gidan mai, famfo ya nuna ashirin cif, amma man bai kai wuyan jarkar ba. Tambayata ita ce, idan hukumar da ke kula da harkar mai ba ta tsayar da farashi, to mene ne ya rage a hannunta, kuma wa za a kai wa ƙara irin wannan?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Malam, ƙararka tana hannun hukumar NMDPRA ne kai tsaye, domin daidaiton awo da ingancin mai suna cikin aikinta. Jami'anta kan je gidan mai da gwangwanin awo na musamman, su sa a zuba musu a gaban manaja, idan famfon ya gaza sai su rufe shi har sai an gyara an biya tara.

Amma bari in koma baya kaɗan. Dokar masana'antar man fetur da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2021 ta rushe tsofaffin hukumomi uku, wato DPR mai sa ido kan harkar mai, da PPPRA mai ƙayyade farashinsa, da asusun PEF na daidaita farashi a faɗin ƙasa, ta kafa biyu a madadinsu. NUPRC tana kula da haƙo ɗanyen mai da iskar gas, ita kuwa NMDPRA ta ɗauka tun daga matata da bututu da defo har zuwa famfon da ka tsaya a gabansa. Dokar ta bar wa kasuwa farashin fetur, sai dai ba ta bar mata bututu ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Ba a shimfiɗa bututu biyu a hanya ɗaya don su yi gasa, saboda haka duk wanda ya mallaki ɗayan yana iya tsawwala wa kowa idan ba a sa masa linzami ba. Shi ya sa hukumar ke ba da lasisin ginawa da na gudanarwa, take duba yadda ake ƙayyade kuɗin dakon da mai bututu zai karɓa, take kuma tilasta masa ya bar sauran kamfanoni su tura kayansu ta ciki ba tare da nuna bambanci ba.

Hajiya Mai Tanka:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya yi daidai a takarda, amma ni da motocina ke kan hanya ina ganin abin ta wata fuska. An tsara ƙasar nan ne a kan cewa ɗanyen mai zai taso daga yankin Warri ta bututu zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, daga can kuma tataccen mai ya bi bututu zuwa defo-defo na Kano da Gusau da Jos da Gombe har Maiduguri. Matatar ta daɗe ba ta aiki, masu fasa bututu sun yi wa layukan illa, sai dako ya koma kan tanka. Direba yakan kwana uku ko fiye tsakanin Legas da Kano, ga tsadar man gas, ga taya, ga lalacewar hanya. A da asusun PEF ne ke biyan wannan kuɗin dako domin farashi ya zo ɗaya a ko'ina, yanzu kuwa mai saye ne ke biya a famfo. Don haka, Malam Ɗan Gusau, tazarar farashin da kake gani tsakaninka da mutumin Legas kuɗin hanya ce, kuma hukuma ba za ta iya kula da bututun da babu abin da ke gudana a cikinsa ba.

Tsohon Ma'aikaci:

Hajiya, ban musanta ba. Sai dai dokar ta taɓo batun fasa bututu ta wata hanya: ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai su ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata domin al'ummomin da suke aiki a cikinsu, kuma idan aka lalata kaya a yankin, daga wannan kason ake cire kuɗin gyara. Wasu na ganin rashin adalci ne a hukunta gari saboda laifin 'yan tsiraru, ni ma ina da ja a kai, ko da yake wanda ya tuna gobarar bututun mai ta garin Jesse a jihar Delta, ta Oktoban 1998, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka, ya san abin da ake gudu.

Injiniya Zazzau:

Akwai wurin da hukumar ke tsayar da farashi har yanzu, wato iskar gas ɗin da ake sayar wa tashoshin wutar lantarki, wadda take fitar da farashinta duk shekara, kuma wannan yana shiga lissafin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ke yi kafin ta amince da kuɗin wuta. A ganina, gwajin NMDPRA na gaskiya a Arewa shi ne bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Kuɗin dakon da ta amince da shi a kan wannan layi ne zai nuna ko masana'antun Sharaɗa da Bompai za su iya sayen gas ɗin, ko kuwa za su ci gaba da kunna janareta.