Wai mu muka harba shi?

Manomin Haɗeja: Jama'a, raina a ɓace yake. Ruwa ya shanye min shinkafa, ko buhu ɗaya ban ɗauka ba. Wai ina tauraron ɗan'adam ɗin nan da muka harba a 2011, aka ce zai riƙa ɗaukar hoton ƙasa yana hango ambaliya? Ko makaho ne?

Bakano: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma "muka harba"? Ku da wa? Daga Yasny ta Rasha aka harba NigeriaSat-2, ranar 17 ga Agusta, a kan rokar Dnepr. Mu ko danƙo ba mu ja ba.

Bazazzagi: Da kuɗin wa aka yi? In ka yi shatar mota ta kai maka albasa Legas, kai ka kai kaya ko direba?

Bakano: Direba mana. Kai kana gida kana barci.

'Yar Katsina: Ku yi adalci dai. NigeriaSat-X da aka tura a roka ɗaya da shi, injiniyoyinmu ne suka haɗa.

Bakano: A Surrey ta Ingila, Hajiya, Turawa na tsaye a kansu.

Bazazzagi: Bakano ke nan. Duk abin da ba a auna shi da yadi a Kwari ba, ba ya ganinsa.

Bakano: Ku da jami'a a gari tun 1962, wace roka kuka ƙera?

Ɗan Maraɗi: Ni fa na ji tauraron naku ma ya ɓace a sama.

Bazazzagi: Wancan NigComSat-1 ne, na sadarwa. Sin ce ta harba shi a 2007, ya lalace a 2008.

Bakano: Alhamdulillahi! Da bakinka ka ce Sin ce ta harba.

Bazazzagi: Tuntuɓen harshe ne.

Manomin Haɗeja: Ni fa maganar shinkafata nake yi.

'Yar Katsina: Ɗan Maraɗi, ku naku ina yake da za ka ce "naku"?

Shugaban zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Najeriya ce ta harba tauraronta, in ban da mutum ɗaya da taurin kai ya hana. Ba don a Samaru na yi karatu ba, hujjar Bazazzagi ta fi ƙarfi. Maganar Kwari kuma wasa ne, kada wani ya riƙe. Baba Manomi, ka sake kawo taka gobe.