Rubutun farkon fim: sallama ce ko cin data?

Autan Mafara: Jama'a, na faɗa kuma ina kan bakana: rubutun nan na farkon fim cin data ne kawai. Jiya na buɗe wani shiri mai dogon zango a YouTube, minti uku ana jero sunaye da godiya ga iyayen gida, ban ga fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba. A mayar da su ƙarshe, mai so ya tsaya ya karanta.

Kawu Mai Gidan Kallo: Auta, wagga magana ban karɓe ta ba. Na daɗe ina haska fim a Tudun Wada nan Gusau, na san aikin da rubutun nan ke yi. Lokacin da zan sa kaset, ɗaki cike yake da hayaniya, wannan na cinikin gyaɗa, wancan na rigimar wurin zama a benci. Da takardar hukumar tace finafinan Indiya ta bayyana, surutu zai fara sauka. Kiɗa ya shigo, sunaye na fitowa da Hindi da Turanci, wani lokaci har da Urdu, yara na ƙoƙarin karantawa don ya yi musu kama da ajami. Kafin sunan darakta ya wuce, ba ka jin komai sai ƙarar janareto. Wa ke shiga gidan mutane ba sallama?

Autan Mafara: Allah ya ƙara girma, Kawu, amma wancan taro ne. Ni kaɗai ne da wayata, wa za a yi wa tsit? Ko Netflix tun 2017 suka sa maɓallin tsallake shi.

Malama: Sun sa maɓalli, amma ba a daina kashe kuɗi wajen tsara shi ba, ka tambayi kanka dalili. Abin da ya ƙona maka rai jerin sunaye ne a kan baƙin allo, buɗe fim kuwa sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka, wani mai zane, Saul Bass, ya tsara farkon fim ɗin Psycho a 1960: layuka na ratsa allo suna tsattsaga sunayen, kiɗa mai kama da goge na tsinka zuciya. Ba a nuna wuƙa ba, ba a nuna jini ba, amma hankalinka ya riga ya tashi. Labari ya fara ke nan.

Mai Haɗa Sauti: Malama ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi, sai dai ni ta wani gefen nake kallo. Na taɓa kwana tara ina riƙe da sandar makirufo a rana, aka jefa sunana can ƙarshe. Jarumi na yin magana ta ƙarshe kowa ya kashe. Mahaifiyata ta kalli fim ɗin sau biyu ba ta san da hannuna a ciki ba. Auta, idan an kwashe sunaye daga farko, mu ne za mu ɓace.

Autan Mafara: Yaya, wannan ya taɓa ni, wallahi. To a sa naku, a cire godiyar alhazai.

Malama: Kuma a ɗora su a kan hoto mai magana. Fim ɗin ƙauye ne? A nuna mata na sussuka, sunaye na fitowa tare da bugun taɓarya.

Kawu Mai Gidan Kallo: Alhazan nan su suka ba da motoci da gidajen da aka yi fim ɗin, Auta. Ka cire su, wa zai ba da aro gobe?