Tambaya: in bar naɗe tsire a jarida in koma foyil?

Mai Tsire, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gasa tsire da kifi a nan Agege. Tun da gwamnatin Legas ta hana mazubin abinci na kumfa a Janairun 2024, masu sayen tafi-da-gidanka suke cewa in sa musu a foyil, wato takardar nan ta alminiyam. Jarida ma ba sa so, wai tawada na kama nama, kuma gaskiyarsu, ina gani idan mai ya jiƙa ta. Abin da ya dame ni, na naɗe kifi da tumatir da lemon tsami ya kwana, da safe na tarar foyil ɗin duk ƙananan huji, fatar kifin da ɗigo-ɗigo ruwan toka. Jabu aka sayar min? Sannan wane gefe ne na abinci, mai ƙyalli ko marar ƙyalli?

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ba jabu ba ne. Alminiyam ba ya shiri da tsami da gishiri, suna cinsa a hankali. Ka gasa kifinka a ciki, ba komai, amma kada ya kwana. Tumatir da albasa ka ƙulla su daban. Ni alala nake dafawa a foyil idan ganye ya yi wuya, da ta huce nake juye ta a kwano mai murfi.

Makeri, Mile 12:
Malam, gefen duk ɗaya ne. A zagayen ƙarshe a masana'anta, falle biyu ake haɗawa a matse su tare don kada su yage. Gefen da ya taɓa ƙarfen injin shi ke ƙyalli, wanda ya haɗu da ɗan'uwansa ya fito dishi-dishi. Alminiyam sai zafi ya kai wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius yake narkewa, don haka a kan wayar gashi ba abin da zai same shi. Kada dai ka kwantar da shi kan jan garwashi, siriri ne ƙwarai. Ka kuma gaya wa masu saye su cire shi kafin su ɗumama a microwave, tartsatsi yake yi.

Mai Tsire, Agege:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, na gode Malam. Saura ɗaya: idan na naɗe tsire da zafinsa, kafin ɗan aike ya fita daga cunkoson Ikeja naman ya yi gumi, yajin ya dame.

Hajiya Mai Abinci:
Foyil ba ya barin tururi ya fita, shi ya sa. Bar naman ya sha iska kaɗan kafin ka naɗe, ka fara shimfiɗa farar takarda marar rubutu a ciki, yaji kuma a ƙulla shi gefe, su barbaɗa da kansu.